Bijirewar Cuta ga Magani: Ina Ƙaddara, Ina Sakaci?

Musulmi sun yi imani, bisa hadisin da Buhari ya ruwaito, cewa kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta, sai dai likitanci ya zo da wani al'amari mai buƙatar nazari, wato maganin da ya warkar jiya ya wayi gari ba ya ci. Kulorokwin ya daɗe yana kwantar da zazzaɓin cizon sauro, har ƙwayar cutar ta fara turje masa a kudu maso gabashin Asiya a ƙarshen shekarun 1950, turjiyar ta iso gabashin Afirka a 1978, daga baya Najeriya ta daina dogaro da shi.

Wannan bai saɓa wa hadisin ba, domin alkawarin samuwar magani daban yake da dawwamar wani magani guda. Abin da ake kira bijirewa yana bin sababi sananne: a cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta akan sami 'yan kaɗan da halittarsu ta sauya, idan magani ya kashe raunana sai waɗannan su sami fili su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan abin da bai kai kima ba zai jawo haka. Saboda haka wanda ya sayi kafso biyu ja da yalo a kemis ba tare da gwaji ba, ko mai kiwon da ke zuba wa kajinsa maganin a ruwan sha kullum, ba zai fake da ƙaddara ba, domin ƙwayar da ta ƙeƙashe a wajensa jaririn maƙwabci za ta kama. Ƙarfin magani kamar rijiyar unguwa yake, kuma ƙa'idar fiƙihu da ta hana cutarwa ta hau kan mai gurɓata shi.

Hukuncin bijirewar ciwon daji ga magani kuwa daban ne, kuma zalunci ne a haɗa ta da waccan. Ƙari tarin ƙwayoyin jikin mutum ne da suka sauya, ba duka iri ɗaya ba, don haka wasu ƙwayoyin kan tsira daga magani ko da majinyaci bai tsallake allura ko ɗaya ba. Turjiyar nan ba ta yaɗuwa zuwa ga kowa, kuma dangin da ke tuhumar majinyaci ko likita in ciwon ya dawo suna ɗora laifi inda sau da yawa babu mai laifi.