Ɗakin da bai faɗi ba

Duk lokacin da ambaliya ta janye, hankalin kowa kan ɗakunan da suka rushe yake komawa. Su ake ƙirgawa, su ake jajanta wa masu su. Amma ɗakin da ya zube ya riga ya gama ɓarnarsa. Abin tsoro shi ne wanda ke nan tsaye kamar lafiya lau, alhali gindinsa ya sha ruwa ya ƙoshi.

Mazauna fadamun Goronyo, Wurno da Rabah sun san wannan. A Satumban 2010, da gulbin Rima ya tumbatsa, ya cinye ƙauyuka da gonaki, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Da ruwa ya janye, talaka ina zai nufa in ba gidansa ba? Ginin laka kuwa daga ƙasa yake tsotsar danshi: sama a bushe, gindi ya yi laushi, ga nauyin azara da ƙasar rufi na dannawa. Yana iya yin kwanaki a haka kafin ya zube, wataƙila da dare, yara na barci.

A ƙasashen da ake girgizar ƙasa an daɗe da gane haka. A Kalifoniya ta Amurka, tun 1989, injiniyoyi kan bi gida-gida su duba cikin ɗan lokaci, su manna takarda: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja kada a kusanta. A Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairun 2023, girgiza ta biyu ta zo kimanin awa tara bayan ta farko, ta ƙarasa gine-ginen da suka tsage.

Mu ma muna da masu ido irin na injiniyoyin nan. Ka lura da tsohon magini in ya shiga gida. Ba yaɓe yake kallo ba. Sai ya tsuguna ya danna gindin bango da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ɗaga kai ya duba inda azara ta shiga jikin gini. In ƙyaure ya fara cijewa, ko kusurwa ta buɗe daga sama, zai ce maka, "Maigida, yau a kwana a waje."

Hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, don Allah ku tara maginan garuruwanku tun kafin damina ta yi nisa. A ba su fentin sa alama da ɗan abin hasafi, su zaga kowace unguwa kafin a mayar da iyali cikin ɗaki.