Wa Ya Isa Ya Tsai da Maganin Yaro?

Akwai wata yarinya mai shekara 7 a cikin ekklesiyarmu wadda ta sha bulala a makaranta, wai ba ta jin magana. Tana cikin zance sai ta tsaya cik, ta zuba ido, ana kiranta ba ta amsawa. Bayan kamar sakan 10 sai ta ci gaba da zancenta, ba ta san abin da ya faru ba. Da aka kai ta asibiti, likita ya sa ta yi ta numfashi da ƙarfi, nan take abin ya taso a gabansa. Ya ce wata irin farfaɗiya ce wadda ba ta ka da mutum ƙasa. Ta kan fara tsakanin shekara 4 da 10, ta kan zo sau da yawa a yini guda.

Aka ba ta magani, abin ya tsaya. Bayan wata uku ubanta ya zo ya ce mini, "Pasto, mun yi addu'a, yarinya ta warke, kuɗin magani kuwa ya yi mini nauyi. Laifi ne idan na daina ba ta?" 'Yan'uwa, bari mu auna wannan tambaya tare.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana da waɗansu 'ya'ya, su ma suna bukata. Maganin kuma ya kan sa yarinyar tashin zuciya da gyangyaɗi. Shi ne uba, yana da iko bisa gidansa.

Amma ikon uba bisa ɗansa amana ne. Maganin nan ba ya kashe cutar, danne ta ya ke yi. Wanda ya rushe shingen gonarsa domin bai ga akuya a ciki ba, ya manta shingen ne ya hana ta. Idan an tsai da magani farat ɗaya, ciwon ya kan komo, wani lokaci da ƙarfi fiye da dā. Wa zai biya? Yarinyar ce, wadda ta ke ɗiban ruwa a bakin rijiya, ta ke zama kusa da murhu. Sakan 10 ya isa ta faɗa. Ita kuwa ba wanda ya tambaye ta. Zancen addu'a kuma, muna roƙon abinci kowace rana, duk da haka ba mu bar noma ba.

Riƙon amanar nan yana bukatar sani. Magunguna uku ne likitoci su kan bayar, ga sunansu yadda a ke rubutawa a jikin kwalba: ethosuximide, valproate, da lamotrigine. A shekarar 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka bisa yara 453, aka ga biyun farko sun fi na ukun tsai da ciwon. Amma carbamazepine da phenytoin, waɗanda su ke taimakon masu wata irin farfaɗiya, suna iya ƙara wannan. Saboda haka kada ka ari maganin maƙwabci, kada ka sayo a kasuwa da ka. A sha a kan lokaci kowace rana. Idan an manta, kada a ninka. Idan ƙuraje sun fito wa mai shan lamotrigine, a kai shi wurin likita ran nan. Valproate kuwa yana ɓata jariri a ciki, wajen ɗaya cikin 10 a kan haife shi da lahani. Tilas budurwa ko matar aure mai shansa ta shawarci likita tun ba ta ɗauki ciki ba, kada kuma ta daina da kanta.

Akwai begen sauƙi, gama yawancin yaran nan su kan rabu da ciwon wajen balaga. Idan yaro ya yi kamar shekara 2 abin bai taso ba, likita ya kan rage maganin kaɗan kaɗan har ya ƙare. Wannan aikinsa ne.

Na ce wa uban ya koma ya faɗa wa likita gaskiya a kan kuɗin da tashin zuciyar. Amma tambayarsa ta kama ni nima. Idan ɗan'uwa ya tsai da maganin ɗiyarsa domin rashi, muna gani, laifin ba nasa kaɗai ba ne. Ran Lahadin nan dattawa suka zauna, suka ɗauki kuɗin wata shida.