Ajiyar Da Ba A Kwancewa

Idan baƙo ya ba mu ƙulli ya ce mu ajiye kada mu kwance, daga baya aka tarar haramtaccen kaya ne, shin muna da laifi? Tsohuwar tambaya ce, amma kwamfuta ta dawo mana da ita.

A shekarar 2000 Ian Clarke ya fito da Freenet, wadda aka sake wa suna Hyphanet a 2023. Wanda ya shiga yakan ba da aron wani sashe na rumbun kwamfutarsa, a zuba masa gutsattsarin bayanan jama'a a kulle, bai san masu su ba, balle abin da ke ciki. Ta haka rubutun marubucin da hukuma ke farauta yake tsira. Ta haka kuma hotunan lalata da yara suke yawo, har 'yan sandan Amurka suka riƙa bin lambar intanet ta masu amfani da ita zuwa ƙofar gida, su kwashe kwamfutoci.

Mu marubuta, zuciyarmu tana wajen Clarke, ba ma ɓoyewa. Sai dai fa rashin sanin nan da gangan aka gina shi, don mai ajiya ya sami abin faɗa gaban alƙali. A Filecoin kuwa har biyansa ake yi. To, wanda ya karɓi ladan ajiya, da wane baki zai ce ba ruwansa da ƙullin?