Sadaka da gumin wani

A kasuwar Garhanga, saurayi kan tura wa abokinsa waƙa ɗari daga salula zuwa salula, ya ce ya yi alheri. To, da dukiyar wa? A zamanin Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, mai sauraro yana ganin makaɗi ido da ido, kunya ta sa ya miƙa masa kyauta. Na'ura ta raba murya da mai ita, kunya ta kau. A 1995 Nijar ta kafa hukumar BNDA domin kare haƙƙin masu fasaha, amma doka ba ta leƙa aljihu. Saura tarbiyya. Mu malamai mu koya wa yara cewa ba a sadaka da kayan wani, kuma wanda waƙa ta faranta wa rai, mawaƙi na bin sa bashi.