Turaren da ba za ka ji ƙamshinsa ba

Duk mai sayar da turare, daga 'yan tebur na Kasuwar Kurmi har manyan shaguna masu gilashi, ya san tambayar da mai saye yake fara yi: "Yana daɗewa a jiki?" Sai ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ko an wanke rigar ba ya fita." A yi ciniki, kowa ya kama gabansa. Ba wanda yake tsayawa ya tambayi nawa ya rage wa jikin da za a shafa wa.

Masu haɗa turare kuwa sun san cewa kayan nasu mai tafiya ne, don haka hawa-hawa suke tsara shi. Ƙamshin da ya fara bugun hancinka idan ka fesa, mai sanyi irin na lemo, cikin 'yan mintoci yake wucewa. Daga nan na furanni ya fito, wardi ko yasmin, ya yi 'yan sa'o'i. Abin da yake kwana a wuyan riga shi ne na itace, sandal ko oud. Shi ma kwana yake yi, ba zama ba.

Dubi wardin kansa. A Ɗa'ifa, kan tsaunukan da ke kusa da Makka, 'yan makonni kaɗan yake yi yana fure a shekara, wajajen Maris da Afrilu. Tun asuba ake fita tsinkarsa, domin da rana ta ɗaga zafi zai kwashe man da ake nema, kuma a ranar ake zuba shi a tukwanen tagulla a dafa. A ƙasar Bulgeriya sai an tara furen da ya kai tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo 1 na man wardi. Sandal kuma sai ya shekara 15 ko fiye kafin zuciyarsa ta yi ƙamshi, sannan tumɓuke shi ake yi har saiwa, don a nan mai ya fi yawa. Dattijon da ya dasa shi, sau da yawa ba shi yake cin kuɗinsa ba.

Mu a nan mun san Binta Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Ingila ya fito da shi a 1920, aka kuma daɗe ana yin sa a Kano. Furanni ne da ɗan itace a ƙasansa, ba shi da giya a ciki, shi ya sa malamai da tsofaffi suka riƙe shi. 'Yar kwalbar nan ita ce a kayan amarya, ita ce kuma ake aika yaro da gudu ya sayo idan an yi rasuwa. Mai kanti ba ya tambayar na wanne ne. Fuskar yaron ta isa.

Shari'a ma ta ajiye wa kowannenmu turarensa na ƙarshe. Lokacin da 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta rasu, ya umarci matan da suka yi mata wanka, cikinsu har da Ummu Aɗiyya, su sa kafur a wankan ƙarshe. Malamanmu na Malikiyya sun koyar da a sa turare a tsakanin likkafani da kuma gaɓoɓin sujada: goshi, hanci, tafin hannu, gwiwoyi. Wannan turaren ba kai za ka zaɓa ba, ba kai za ka shafa ba, ba kuma za ka ji ƙamshinsa ba. Wataƙila ma irin wanda kake raina wa kuɗi ne, kai da ba ka fesa sai na Dubai.

Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ga sauran. A buɗe durowar mamaci, ƙamshinsa ya daki mutane, har wata 'yarsa ta fashe da kuka ta fita. Ga kwalabe a jere, wata rabi, wata saura ɗan kaɗan, wata ko ledar kwalinta ba a yage ba, an ajiye ta sai Sallah. Babbar rigar da ya sa Juma'ar ƙarshe tana rataye, ƙamshin yana nan, mai rigar yana ƙasa. Matarsa kuwa, wadda kullum da magariba take zuba turaren wuta a kasko ta shafa humra, ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma ba ita ba turare.

Ba cewa nake a daina shafa turare ba. Sunna ce, musamman ranar Juma'a, kuma ƙazanta ba tsoron Allah ba ce. Wanda ka ɓoye sai Sallah, ɗan'uwa, buɗe shi ka shafa. Amma kafin ka fita, tuna bashin da kake ta cewa sai wata ya yi, da ƙaninka da kuka daina gaisawa tun rabon gona, da amanar da ke hannunka wadda ko iyalinka ba su san da ita ba. Rubuta ta yau, ka kira shi yau, ka biya abin da ya sawwaƙa. Allah ya sa mu cika da imani.