Ilimi Ya Sauko Fadama, Ku Tare Shi!

Sannunku da aiki, mutanen Bagudo! Sannu manomi mai tayar da injin ban-ruwa tun da assalatu. Sannu masunci mai tura kwalekwale a Kogin Neja. Sannu uwar gida mai turara shinkafa. Sannu ɗan kasuwar Tsamiya da Lolo, mai lissafin naira da sefa da ka, ba biro ba takarda. Da guminku ake ciyar da Kebbi, da guminku kuma ake biyan kuɗin karatun 'ya'yanta.

To ina 'ya'yan nan suke? Suna jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006. Suna Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta zo a 2013. Suna kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da kwalejin horar da malamai ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar aikin gona ta Zuru. Wa ya ce abin da suke koya sai ofis? Wa ya ce digiri ba ya taka laka? Masu yi wa ƙasa hidima suna ware rana guda a mako domin aikin al'umma, ɗaliban malanta kuma dole su shiga aji su koyar kafin a ba su shaida. Hanya a buɗe take, saura a bi ta!

Ɗalibi, idan an yi hutu, naɗe ƙafar wando ka shiga fadama. Ja igiya, ka nuna dashe a layi. Ka bayyana dalilin raba yuriya kashi-kashi maimakon a watsa ta gaba ɗaya ruwa ya tafi da ita. Ɗaliba, zauna kusa da tukunyar Inna, ki buɗe mata littafi: nawa aka sayo buhun shanshera, nawa itace ya ci, nawa aka biya a inji, nawa ya rage riba. Mai karatun lafiya, bi gida-gida a Kaoje da Illo da Zagga ka yi bayanin riga-kafi da harshen da mutane ke ji. Mai Faransanci, ga takardun kan iyaka suna jiranka. Tashi!

Ku kuma iyaye, kada ku ɗauka karɓa kawai za ku yi. Ku ma malamai ne. Wane littafi ya san lokacin da kogi zai cika kamar ku? Wane allo ke koyar da ciniki da Hausa da Dandanci da Fulatanci a rumfa ɗaya? An rufe iyaka a Agustan 2019, kuka jure. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki, kuka koma noman rani. Wannan darasi ne da ba a samun sa a ɗakin lacca. Ku koyar da shi, ku yi tambaya, ku gyara wa yaro in ya kauce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin makarantu, ku turo ɗalibai ƙauyuka, ku sa aikin cikin makin jarrabawa. Hakimai da dagatai, ku ba su masauki. Manoma, ku ware musu kunya biyu ta gwaji a damina mai zuwa. Ɗalibai, hutun nan da ke tafe ku fara!