MAI MAYE: MAI LAIFI NE, KO MAJINYACI?

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka shiga hanyar Almasihu, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna kana bincike, ga wata tambaya da za ta same ka har gida ko ba ka neme ta ba. Mutumin da giya ko ƙwaya ta mallake shi, mene ne shi a wurinka? Mai laifi ne wanda ya cancanci bulala da kurkuku, ko kuwa majinyaci ne mai bukatar magani? Kada ka yi gaggawar amsawa, gama amsar da ka bayar ita za ta nuna abin da za ka yi ran da aka kawo maka ƙanenka a ɗauke daga bayan tasha, bai san inda kansa yake ba.

I. Yadda abin yake shiga

Ka san mutanen ƙasar nan, mutanen aiki ne. A Aliero ga masu lambun albasa suna ban ruwa tun da asuba. A Jega, bakin gulbin Zamfara, ga 'yan dako suna lodin buhuna a kasuwa. A Maiyama ga manoma a fadama, ga 'yan kabu-kabu da direbobi a kan babbar hanya dare da rana. Ba ragwaye ba ne, amma ta ƙofar aikin nan ne maye yakan shigo wa da yawa daga cikinsu.

Bari mu ɗauki misali. Wani saurayi yana ƙwadago a lambu, bayansa yana ciwo, rana kuwa ba ta faɗi ba. Abokinsa ya miƙa masa ƙwayar tiramadol, ya ce, "Sha wannan, ba za ka ji gajiya ba." Ya sha, ya yi aikin mutum biyu, ya karɓi kuɗin mutum biyu. Amma ƙwayar ba ta ƙara masa ƙarfi ko kaɗan ba. Ta rufe bakin ciwo ne kawai, ciwon da yake faɗa masa ya huta. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Wadda hukuma ta yarda likita ya rubuta ita ce mai miligiram 50 ko 100, amma wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 225, har fiye. Ran da bai samu ba sai gumi, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, da zafin rai. Wata rana kuwa sai ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Da fari ya sha domin ya yi aiki; yanzu yana aiki domin ya sha.

Kada ka zaci shi kaɗai ne. An yi bincike a dukan Nijeriya, aka bayyana sakamakonsa a farkon 2019: mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Wajen miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke, yankin da Jihar Kebbi take. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Giya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 2.6 da suka mutu ta dalilinta a 2019. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana da uwa.

II. Yana da laifi?

I, yana da shi. Ba za mu ruɗe ka da magana mai daɗi ba. Allah ya ba mutum hankali amana, da shi yake rarrabe nagarta da mugunta, da shi yake riƙe iyalinsa. Wanda ya ɗauki wannan amana ya jefa cikin ƙwaryar burukutu ko kwalbar kodin, ya ci amana. Laifin kuma ba ya tsaya a kansa. Kuɗin hatsin gida ne ya tafi. Matarsa ce take shan duka. Fasinjan da ya ɗauka a babur shi ne yake karyewa.

Watakila za ka ce, "Tun da na bar tsofaffin ƙa'idodi, ai na sami 'yanci, in sha abin da na ga dama." Ya ɗan'uwa, wane irin 'yanci ke nan, wanda ba ka iya kwana ɗaya sai da shi? Ka tuna kuma maƙwabtanka suna dubanka. In suka ga sabuwar bangaskiyarka ta buɗe maka ƙofar mashaya, ba kai kaɗai za su zarga ba, har da sunan da kake kira.

III. To, majinyaci ne kuma?

I, wannan ma gaskiya ne, kuma nan ne mutanen kirki da yawa suke kuskure. Mutum yakan tsallaka cikin rijiya da ƙafarsa, amma ba ya fita da ƙafarsa. Sai an jefa masa igiya. Shan farko zaɓi ne. Amma sa'ad da jiki da ƙwaƙwalwa suka saba, abin ya zama cuta, tana da alamunta, tana da hanyar jinyarta. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa, in ya bari farat ɗaya ba tare da likita ba, yakan kama rawar jiki da gane-gane, har ransa yana iya salwanta. Domin wannan, cewa da shi "Ka daina kawai" daidai yake da cewa da mai karaya "Tashi ka yi gudu."

Ku mutanen Aliero kun fi kowa sanin wannan, gama garinku ya yi suna wajen ɗori. In aka kawo wa mai ɗori yaron da ya faɗo daga itacen da aka hana shi hawa, ba ya cewa a mai da shi gida domin shi ya jawo wa kansa. Yakan ɗora ƙashin tukuna, faɗa ya biyo baya. Laifi bai hana jinya ba, jinya kuma ba ta shafe laifi ba.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce: duka biyu ne. Wanda ya ga laifin kaɗai zai zama mai taurin zuciya. Wanda ya ga cutar kaɗai zai zama mai sake, ya bar ɓarna tana ci. Kai kuwa an kira ka ka riƙe gaskiya da jinƙai tare.

IV. Abin da doka take iyawa, da abin da ba ta iyawa

Doka abu ne mai kyau, kuma ba yau aka fara ba. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasel domin taƙaita cinikin barasa a Afirka, aka kuma hana shigo da barasar fatauci Arewacin Nijeriya a zamanin Turawa. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA domin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi. A 2000 Jihar Kebbi ta kafa dokokin shari'a, shan giya ya zama laifin da kotu take hukunta Musulmi a kansa. A watan Mayu na 2018, bayan da BBC ta nuna yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan gida ana sayar wa matasa, Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi.

Dukan waɗannan sun yi amfani. Abin da ba ya kusa da hannu, yaro ba ya saurin ɗauka. Amma ka lura: an tsare ƙofar giya, sai ƙwaya ta shigo ta taga, an hana kodin, sai ya koma ɓoye, tsadarsa ta ƙaru. Amurka ma ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, cinikin ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, har aka janye dokar. Doka tana iya kama hannun mai sayarwa, kuma lalle ya kamata ta kama shi, gama yana cin riba da jinin 'ya'yan mutane. Amma ba ta iya cire ƙishin daga jikin wanda ya riga ya kamu. In aka kulle shi wata shida aka sake shi ba magani, ba sana'a, inda ya fito nan zai koma.

V. Wurin jinya, da wurin da ba na jinya ba

Iyaye da yawa, saboda kunya, sukan ɓoye ɗansu a ɗaki har abin ya gagara. Waɗansu kuma, da kyakkyawar niyya, sukan kai shi gidan mari. Ka tuna abin da ya faru a 2019: a Rigasa ta Kaduna 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida irin wannan, waɗansu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a baya, ba a daɗe ba aka sami irinsa a Daura. Mari yana tsare ƙafa, amma ba ya warkar da kowa. Mutum ba dabba ba ne, ko da ya ƙasƙantar da kansa. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa da mutuncinsa.

Akwai hanya mafi kyau. A fara da asibitin da yake kusa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya duka: me yake sha, nawa, tun yaushe. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Hukumar NDLEA kuma, ban da kamu, tana da masu ba da shawara, ta kuma buɗe layin waya na kyauta a 2022 domin masu neman taimako. Kada wani ya ce maka zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Ka yi addu'a, ka kuma biya kuɗin mota.

Ka sani kuma, sau da yawa mai murmurewa yakan sake faɗuwa. Wannan ba alama ce ta cewa jinyar banza ce ba. Manomin da ya cire ciyawa ta sake tsirowa ba ya barin gonar. Yakan koma da fartanya.

VI. Bakinka

Saura abu ɗaya wanda doka da asibiti ba su iya yi maka, wato magana. A zamanin da gwamnatin Kudancin Nijeriya take samun babban kaso na kuɗin shigarta daga harajin barasa, Bishof Tugwell, wanda ya zo Kano a 1900, ya yi shekaru yana kuka a kan wannan ciniki. A 1909 aka kafa kwamitin bincike, kwamitin kuwa bai ba masu kukan gaskiya ba. Duk da haka ba su yi shiru ba, a 1919 kuma ƙasashen suka sake yarjejeniya, suka haramta barasar fatauci. Magana ta gaskiya takan yi jinkiri a hanya, amma wanda ya yi shiru ya ba mai sayarwa aron bakinsa.

Kai ba bishof ba ne, amma kana da unguwa. Ga abin da yake hannunka:

Na fari, ka tsare kanka. Kada ka sha, kada ka saya wa wani, kada ka ba ɗan ƙwadagonka ƙwaya domin ya gama maka aiki da wuri. Albasar da aka cire da lafiyar ɗan wani ba ta da albarka.

Na biyu, in kana da kemis ko tebur a kasuwa, kada ka sayar da irin wannan magani ba da takardar likita ba, kome ribarsa.

Na uku, ka yi wa 'ya'yanka magana tun da wuri, maza da mata, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibai kuma, irin na jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, suna nesa da iyayensu; ka buɗe wa wanda ka sani ƙofar gidanka.

Na huɗu, in ka san inda ake sayarwa, ka je wurin mai unguwa ko hakimi, kada ka ɗauki doka a hannunka. Ka tafi tare da maƙwabcinka Musulmi, gama addininsa ma ya haramta maye, ɗansa da ɗanka kuwa inuwa ɗaya suke zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, in ka tarar da wanda maye ya kayar, numfashinsa yana ja, kada ka bar shi rigingine, kada ka ɗura masa kome a baki. Ka kwantar da shi a gefensa, ka nemi abin hawa zuwa asibiti nan da nan.

Na shida, wanda ya dawo daga jinya, ka ba shi wurin zama a cikin jama'a, ka nema masa abin yi. Kada a riƙa kiransa da tsohon sunansa na ɗan ƙwaya.

In kuwa kai ne wanda abin ya kama, kana karanta wannan takarda a ɓoye, to ji: ba a yashe ka ba. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar, balle Mahaliccinka. Kada ka jira sai ka tsarkake kanka kafin ka zo, gama ba mai jiran ya warke kafin ya je wurin mai magani. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri, ko dattijon ikilisiya, ko yayanka, ko ma'aikacin asibiti, ka faɗa masa gaskiya yau, tun rana ba ta faɗi ba.

Allah ya ba mu hankali mu tsare kanmu, ya ba mu zuciya mu ɗaga wanda ya faɗi. Amin.